Ƙwaro Ma Numfashi Yake: Ajiyar Hatsi a Zamanin Tsada

Mai tuƙi ya riƙe sitiyari da kyau, mai girki ta ɗan rage wuta, domin zancenmu na yau ya shafi tukunya, ya shafi aljihu, ya kuma shafi lafiyar hanta.

Duk majalisar da ka zauna a 'yan shekarun nan, teburin mai shayi ne, cikin adaidaita sahu ne, ko gidan suna, ba a daɗewa hira za ta gangaro kan kuɗin kwanon abinci. Kowa kuma da wanda yake ɗora wa laifi. Direba ya ce man fetur ne, kuma da gaskiyarsa. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, buhun masara kuwa ba da ƙafarsa yake zuwa Kano daga Saminaka ba. Mai shago ya ce dala ce, tunda a watan Yunin wannan shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, alhali maganin feshi da kayan gyaran mota da wani kaso na takin zamani duk daga waje ake shigo da su. Manomin Zamfara ko yammacin Katsina zai ce ku bar wannan magana, gonar da ke nesa da gari ta gagari mai ita saboda 'yan bindiga. Uwar gida kuwa ba ta dogon lissafi, cewa take 'yan kasuwa ne suka ajiye tsoron Allah. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, wato cefanen da aka yi da naira 1,000 bara ya koma 1,400 da ɗoriya.

Kowanne daga cikinsu ya taɓo gaskiya. Sai dai ni da kai ba mu da ikon sauko da dala, ba kuma mu muke yanka kuɗin lita ba. Akwai wani abokin cin abincinmu da ba a cika kiran sunansa a majalisa ba, shi kuwa muna da iko a kansa. Ƙwaro nake nufi.

Ku dubi yadda shekara ke juyawa. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kaya ya cika kasuwa, farashi ya faɗi. A lokacin ne manomi ke sayarwa, domin ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya da aka sa bayan girbi. Amma ko da ba ya cikin matsi, in dai wake ne ba ya yarda ya daɗe a hannunsa, don ya san wata uku zuwa huɗu sun isa buhu ya zama abin tausayi. Sai damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, ka ga wannan manomin a kasuwa yana awon irin abin da ya noma da hannunsa, da tsadar da bai taɓa sayarwa ba. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, amma a ƙasashen nan biyu ne mai noman waken ke tsoron ajiye shi.

In akwai wake a kusa da ke, Hajiya, ɗebo kaɗan a tafin hannu ki fita haske. Duba jikin ƙwayar da kyau. In kin ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare manne a jiki, waɗanda ba sa gogewa da yatsa, to ƙwai ne. Macen ƙwaron wake kan zuba gomman ƙwayaye a ɗan gajeren ranta na mako ɗaya zuwa biyu. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa fili, ta ƙarƙashinsa take hudawa ta shige cikin waken. A can za ta ci, ta yi girma, ta rikiɗe. Wannan zagayayyen ramin da kike gani ƙofar fita ce, ɓarnar ta riga ta gama faruwa a ciki. Da zafi irin namu, mako uku zuwa huɗu ke nan daga ƙwai zuwa sabon ƙwaro mai zuba nasa ƙwan. Shi ya sa buhun da ya kamu sosai, in ka cusa hannu tsakiyarsa, za ka ji ɗumi. Dubban masu rai ne ke ci suna numfashi.

Mutane kan ce, "Lafiyayyen wake na zuba, na ɗinke buhu, ta ina ƙwaro ya shiga?" Baba, tun daga gona kuka taho tare. Uwar ta zuba ƙwanta tun waken yana cikin kwasfa.

To me 'yan kasuwa suka koma yi? Magani. Wasu fiya-fiya suke yayyafawa, wasu Sniper, wasu kuma ƙwayar nan da ake kira bom. Sinadarin da ke cikin Sniper, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, an yi shi ne don feshi, ba don a cuɗa shi da abin da za a dafa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadarin da aka riƙa samu a cikinsa. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, a wasu kayan namu kuwa an samu ninki ɗaruruwa. Abin da ke damuna ba asarar kasuwar Turai ba ce. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa ne muke yin ƙosai da alala da shi a nan, irinsa ake zuba wa yara garau-garau. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wannan magani, amma wanda ke shiga kasuwa ya san takarda daban, tebur daban.

Bom kuwa ya fi ban tsoro, don ba ya bukatar ka ci shi. Ƙwayar tana haɗuwa da laimar da ke cikin iska, sai ta riƙa sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin, mai wari tsakanin tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Aikin ƙwararru ne, a sito mai nisa da ɗakin kwana, a lulluɓe kaya da tamfol, a rufe na kwanaki, sannan a buɗe iska ta ratsa kafin kowa ya shiga. Mu kuwa sai a ƙulle ƙwayar a tsumma a tura cikin buhu, a jingine buhun a ɗakin da yara ke kwana, ko a shagon da bango ɗaya ya raba shi da ɗakin maƙwabci. Wannan iska ba ta san buhu ba, ba ta san labule ba, kuma har yau babu maganin da ke karya ta kai tsaye. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da amai da jiri da ƙuncin ƙirji, kuma akwai hatsin da aka sa wa magani kusa, a fitar da kowa fili a nufi asibiti. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, lokaci kawai ake ɓatawa.

Yanzu ga inda ilimi ya yi mana rana. Ƙwaro ma numfashi yake, ta wasu ƙananan ramuka a gefen jikinsa. Iskar da muke shaƙa, kusan kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. In ka zuba hatsi a mazubin da iska ba ta shiga ba ta fita, ƙwarin da ke ciki su ne za su shaƙe wannan oksijin da kansu. Tana raguwa suna rage ci. In ta yi ƙasa sosai, kamar kashi 5 ko ƙasa da haka, sai ci ya tsaya, haihuwa ta tsaya. Wani abin mamaki da masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano shi ne, ƙishirwa ce ke ƙarasa su. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da rijiya, ruwan jikinta tana samun sa ne daga sarrafa abincin da ta ci da taimakon oksijin. Babu oksijin, babu ruwa, sai ta bushe a cikin ramin da ta haƙa.

Wannan aiki ba a ɗakin bincike na Amurka kaɗai aka yi shi ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Larry Murdock da masu binciken noma na Kamaru suka fara gwada shi a yankin Marwa, tare da manoman wake irin namu. Daga 2007 aka yaɗa shi a Afirka ta Yamma da sunan buhun PICS, wanda wasu ke ce wa buhu mai leda biyu: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa na roba a waje. Ana samun sa wajen masu sayar da kayan noma, akwai kuma wasu samfuran masu aiki da wannan hikimar.

Amma buhu ba laya ba ne, sai an bi ƙa'idarsa. Kafin ka zuba komai, buɗe kowace leda ta ɗebi iska, ka damƙe bakinta ka danna. In ta sace, akwai huji, a ajiye ta gefe. Ka sa ɗaya cikin ɗaya, ka zuba hatsin a hankali kana girgizawa don ya zauna. Ka bar wuyan da za a ɗaure. Ledar ciki za ka fara matsewa iska ta fita, ka murɗe wuyan, ka lanƙwasa shi, ka ɗaure tamau. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Masu haɗa ukun su ɗaure da igiya ɗaya don sauri, su ne ke dawowa suna cewa buhun ƙarya ne. A ɗora shi kan katako, kada ya jingina da bango, a tsare shi daga ɓera. Kada kuma wani dillali ya soka masa ƙarfen nan na ganin samfur, huji ɗaya ya rushe aikin. In an kiyaye, buhu ɗaya kan yi kaka biyu ko uku.

Wanda bai samu buhun ba, jarka ma ta yi, duro mai murfi ma ya yi. Jarkar man gyaɗa ko ta manja, a wanke ta, ta bushe ƙarau. Ban da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Sharaɗin shi ne a cika ta har wuya, ana bubbugawa ana ƙarawa, sannan a shimfiɗa leda a baki a murɗa murfi. Jarkar da aka cika rabi, an bar wa ƙwaro guzurin iska ne. Kakanninmu da ke cuɗa wake da toka ko yashi mai laushi, ko su yaɓe bakin rumbu da laka, kusa da wannan hikimar suke: toshe sararin da ƙwaro zai yi yawo ya yi numfashi. Rana ma makami ce. Zafin da ya kai digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babban ƙwaro. In aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, aka ɗora baƙar leda, aka baza wake ba da kauri ba, aka rufe da farar leda mai nuna ciki aka naɗe gefuna, ranar tsaka tana iya kai shi can cikin awa biyu. A bari ya huce kafin a zuba.

Sai dai akwai gargaɗi babba, musamman ga masu masara da gyaɗa. Duk abin da na faɗa, kan busasshen hatsi nake magana. In ka rufe mai danshi, ka tsere wa ƙwaro ka faɗa hannun fumfuna. Masana na so danshin masara ya sauko wajen kashi 13 cikin 100 kafin ajiya. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma kowa na da haƙori: busasshiyar ƙwaya fashewa take da ƙara, mai danshi lotsewa take. Ga kuma gwajin gishiri. Samu busasshiyar kwalba, zuba hatsi kamar sulusinta, ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sosai, rufe, girgiza, ka bar ta minti 15, ka sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, koma shanya. Kuma a yi shanyar a kan tamfol, a daina bazawa a kwalta inda ƙura da hayaƙin mota da awaki ke raba gado.

Dalilin wannan naci shi ne wata guba da ake kira aflatoksin, wadda wani nau'in fumfuna ke fitarwa a jikin masara da gyaɗa. Wuta ba ta kashe ta. Ka dafa, ka soya, tana nan. Kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru tana jawo kansar hanta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu. In ta yi yawa lokaci ɗaya kuwa kisa take: a Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. A nan ne tsadar rayuwa ke yin ɓarnar da ba a gani. Gyaɗar da aka tsince aka ware, mai yamushi, mai ɗaci, ba zubar da ita ake ba. Ita ce mai arha, ita ke komawa ƙuli-ƙuli da tunkuza, ita mai ƙaramin ƙarfi ke saya wa yara. Wasu su ce a ba dabbobi, alhali saniyar da ta ci, gubar na fitowa a nononta.

Na san wani yana jin wannan shiri yana cewa, "Malam, kai ma ɓoye kaya kake koya wa mutane." Tambaya ce mai kyau. A watan Fabrairun 2024 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan sito-sito a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Jama'a da yawa suka yi murna, shugabannin kasuwar kuma suka musanta zargin. Malamanmu sun daɗe da bambance abu biyu. Akwai mai kwashe abinci daga kasuwa lokacin da mutane ke cikin bukata, ya kulle yana jiran su galabaita, wannan shari'a ta hana. Akwai kuma mai tanadin abincin iyalinsa, wannan kuwa halal ne, domin ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tanadar wa iyalinsa abincin shekara. A tarihin Annabi Yusuf ma tanadi ne ya ceci Masar.

Ra'ayina a nan, wanda ba dole kowa ya yarda da shi ba: girbin damina sau ɗaya ake yi a shekara, ci kuwa kullum ne, saboda haka dole wani ya riƙe hatsin nan daga kaka zuwa kaka. Abin tambaya shi ne a hannun wa yake. In yana hannun manyan 'yan kasuwa ƙalilan, su za su yanka farashi, ko an sa wa sitonsu kwaɗo yau, gobe za a buɗe. In kuwa yana warwatse a gidajen manoma da ma'aikata da masu ƙananan sana'a, buhu biyu nan, jarka uku can, to ranar da kasuwa ta haukace ba kowa ne zai fita awo ba, ƙarfin mai sito ya ragu ke nan. Kada dai wani ya ji wannan ya ciwo bashi ya tara hatsi don riba. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko har waɗanda suka tara da tsada suka riƙa kukan asara. Ni ajiyar ci nake magana.

Wata baiwar Allah za ta ce, "Mu da muke awon kwano ɗaya kullum, ina muka ga kuɗin buhu?" Gaskiya ne, Hajiya, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Talaka ya fi kowa sayen abu da tsada, don ƙulli-ƙulli yake saye. Amma adashen da ake yi don anko da kayan ɗaki, in aka daidaita kwasarsa ta faɗo a Nuwamba, gida huɗu za su iya haɗa kuɗin buhu ɗaya su raba. Jarka mai lita 25 tana cin wake kusan kilo 20. A Nijar kuwa ƙungiyoyin manoma sun daɗe da wani tsari na jinginar da hatsi, wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1990. Da kaka manoma su tara amfaninsu a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba su wani kaso na darajar hatsin su yi hidimarsu ko sana'ar rani, in farashi ya tashi su biya su kwashi kayansu. Wannan abu ne da za a iya tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma a kai, ranar da suka zo neman ƙuri'a da katan ɗin taliya. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan hatsi su ma suna da ta cewa: in suka haramta zuba maganin feshi a wake a layinsu, sun fi kowace hukuma sanin wa ke yi. Mai saye kuma ya daina jin kunyar tambaya. Shinshina waken, ka ce, "Alhaji, da me aka ajiye shi?" In masu tambaya suka yi yawa, mai buhun leda zai fara samun ciniki fiye da mai fiya-fiya.

Wanda bai gamsu ba, kada ya ɗauki maganata, ya gwada. Da kaka a samu wake iri ɗaya, a cika gorar ruwa ta roba har baki a murɗe murfinta, sauran a ƙulle a ƙyalle ko ƙaramin buhu. A rubuta kwanan wata a jiki, a sa yaran gida su zama masu lura, a buɗe duka biyun bayan wata uku a ƙirga ƙwayoyin da suka huje a cikin kowace ɗari.